Yadda ake gina wa tsohuwar amfilifayar jita mai bawul akwatin kai na daban

Duk wanda ya taɓa cicciɓar Fender Twin Reverb daga but ɗin mota zuwa wurin wasa, ba sai an yi masa dogon bayanin abin da ya sa ake raba ta gida biyu ba. Nauyinta ya kusa kilo 30, wasu ma sun wuce haka idan lasifikokinsu masu manyan maganaɗisu ne, ga mariƙi ƙwaya ɗaya tak a sama. Irinta ake kira kombo, wato inji da lasifika duk a akwati guda. Aikin da ke gabanmu shi ne mu zare injin mu gina masa ɗan akwatinsa, wanda makaɗa ke kira kai, lasifikoki kuma su zauna a nasu.

Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin Fender da kansa ya fitar da Showman a 1960, kai daban akwatin lasifika daban, sannan a 1968 ya kawo Dual Showman Reverb, wadda kusan Twin Reverb ce aka raba da lasifikokinta. JTM45 da Jim Marshall ya fara ƙerawa a Landan a 1962 ma kai ce tun asali. Ban da sauƙin ɗauka, akwai amfani na biyu. Bawul, waɗannan kwalaben gilashi da ke yin ja a ciki idan sun ɗumama, a kombo suna rataye ne dab da lasifika, duk kiɗan da ka buga sai ya girgiza su. A kwana a tashi sai wani ya fara ƙara kamar ƙararrawa. Idan suna akwatinsu daban, girgizar ta ragu ƙwarai.

Zan yi misali da Twin Reverb ta shekarun 1960 da 1970, amma Deluxe Reverb da Super Reverb da danginsu duk tsarinsu ɗaya. Sharaɗina guda ne: kada ka yi wa tsohuwar abin da ba ya warwaruwa. Kada ka huda sabon rami a ƙarfenta, kada ka yanke tsohon akwatin ka mayar da shi kai. Na ga wanda ya sa wa nasa zarto don ya huta da sayen katako, ya rage wa kayan daraja fiye da kuɗin katako goma. Sabon akwati shi zai bi injin, yadda tela ke bin jikin mai riga.

Wutar da ke kwance a ciki

Injin gaba ɗaya yana cikin wani dogon tire na ƙarfe da ake kira shasi. A jikinsa akwai manyan kafasita da ke tara wuta sama da volt 400, kuma suna iya riƙe ta bayan an kashe an zare fulogi daga bango. Wannan wutar tana kisa. Za ka ce ai kafinta kake, ba ruwanka da wayoyi. To, ka lura da hannunka ranar da za ka ɗaga shasin: yatsunka da kansu za su lanƙwasa ta bakin tiren su shiga ciki, daidai inda wayoyin suke tsirara.

Saboda haka sai an zubar da wutar kafin a yi komai. Ana amfani da rizista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai ohm 100,000 da watt 5, an ɗaura mata waya mai rufi da ɗan maƙali a kowane gefe. A fara maƙala gefe ɗaya a jikin shasi, sannan ɗayan a ƙafar kafasita mai alamar tarawa, da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana bayanka. A duba da mita har wutar ta sauko ƙasa da volt 10. Ka bar maƙalin a wurin muddin kana aiki, domin kafasita takan sake taro ɗan abin da ya saura. Kada ka gwada haɗa su da sukudireba kai tsaye, tartsatsin kan ɓata kaya. Idan ba ka taɓa yin wannan ba, kai wa mai gyaran rediyo ya yi a gabanka, aikin minti biyar ne.

Tunda ka je wurinsa, sa shi ya duba wayar wutar. Tsofaffin na Amurka da yawa suna zuwa da fulogi mai ƙafa biyu, ba wayar ƙasa, da wata 'yar kafasita tsakanin layin wuta da shasi, wadda idan ta lalace jikin amfilifayar da tsirkiyar jitarka duk su ɗauki wuta. Ya cire ta ya sa waya mai ƙafa uku. Wannan kaɗai ne canjin da na yarda a yi wa injin.

Zare shasi

Ɗauki hotuna da wayarka tun kafin ka kwance sukuru ko ɗaya. Ɗauki bayanta, inda kowace waya ta shiga, da takardar da ke manne a bangon akwatin daga ciki mai nuna jerin bawul. A tsofaffin Fender akan ga haruffa biyu da aka buga da tawada a takardar, na farko shekara, na biyu wata. OA, alal misali, Janairun 1965 ke nan, watan da kamfanin CBS ya sayi Fender. Kada ka ɓamɓare ta, a can ya kamata ta zauna.

Kwance allunan baya. Zare wayar lasifika, da ta makunnin da ake takawa da ƙafa, da wayoyi biyun da ke zuwa tankin amsa-amo, wato ɗan dogon akwatin ƙarfe mai sa sauti ya riƙa amsa kuwwa, wanda ke kwance a ƙasan akwatin cikin jakar leda. Liƙa wa kowace ɗan tef ka rubuta wadda ke shiga da wadda ke fita, domin idan ka juya su ba abin da za ka ji. Akwai kuma ɗan maƙalin da ya riƙe wayar wuta a bangon akwati, mutane kan manta da shi sai sun ja shasi sun ji ya tirje.

Cire bawul bayan sun huce. Twin tana da manya huɗu, 6L6GC, da ƙanana shida. Manyan akwai wasu haƙoran ƙarfe da suka cije gindinsu don kada su faɗo, sai ka danne su da yatsu biyu kana jijjiga kwalbar a hankali ta gindi. A tsakiyar ƙafafunta akwai ɗan turken roba mai saurin karyewa. Naɗe kowace a jarida, rubuta lambar gurbinta a kai.

Shasin rataye yake a rufin akwatin da dogayen sukuru huɗu masu noti, waɗanda suka ratso ta wasu faffaɗan ƙarafa biyu a sama. Kwantar da akwatin ta gefe a kan bargo, ko ka sa wani ya tallafe shasin, ka kwance notin, ka zaro shi ta baya. Ajiye shi a kan gutsattsarin katako biyu. Sukuru da notin nan ka tsare su kamar kuɗi, domin zarensu na inci ne irin na Amurka, notin da za ka samu a kasuwa galibi na milimita ne, ba zai hau ba.

Awo, inda aikin yake

A nan ake gyara akwati, a nan ake ɓata shi. Kada ka ɗauki awo daga intanet, ko da sunan amfilifayar ɗaya da taka. Auna wadda ke gabanka da tef na ƙarfe, a milimita.

Faɗi shi ne mafi sauƙi. Auna tsawon shasin a gaba da baya, har da allon fuska idan ya ɗan zarce tiren, ka ɗauki mafi tsawo. Ƙara milimita 4. Biyu daga ciki na ledar da za ta naɗo ta bakin akwati ne, biyu kuma don shasi ya shiga ba da dambe ba. A ce ka sami 620, cikin akwatinka 624 ke nan, idan katakon mai kaurin 18 ne wajensa ya zama 660.

Tsayi shi ke kayar da mutane. A tsarin Fender komai a kife yake, tiransifoma da bawul duk ƙasa suke kallo. Mayar da babban bawul guda gurbinsa, ka auna daga bakin tiren zuwa abin da ya fi kowane saukowa, ko kwalbar ko babbar tiransifoma. Sannan ka ƙara sarari aƙalla milimita 50 a ƙarƙashinsa. Dalilan biyu ne. Na farko zafi. Na biyu, ranar da bawul ya mutu sai ka ja shi ƙasa ya fita daga gurbinsa, ga hannunka ma yana neman wuri. Idan sararin ya gaza, duk canjin bawul sai ka sauke shasi. Bayan haka sai tankin amsa-amo da jakarsa, wajen milimita 50 shi ma. Idan tiren 50 ne, abin da ya rataya 120, lissafin ya kai 270 a ciki. Za ka ga kan ya yi tsayi, bai yi siririn kyau irin na Marshall ba. Haka na Fender masu amsa-amo ma suke, kuma da dalili. A ƙarshen tankin akwai ɗan naɗin waya mai jin maganaɗisu sosai, idan ya matso kusa da tiransifomar wuta sai ya kwaso gunjinta ya zuba maka a lasifika. Kowane santimita da ka rage don kwalliya, a kunnenka za ka biya shi.

Zurfi kuwa, kwaikwayi tsohon akwatin. Abin lura shi ne maɓallan murɗawa na gaba da makunnan baya su kasance a cikin inuwar katako, yadda ko akwatin ya faɗi ta fuska ba su za su fara taɓa ƙasa ba.

Fuskar shasin a karkace take, tana ɗan kallon sama, shi ya sa aka yanke saman bangayen tsohon akwatin a karkace, rufin ma bai kai gindin faɗi ba. Kada ka wahalar da kanka da lissafin kusurwa. Manna kwali a gefen tsohon akwatin ka bi shi da fensir, ka yanke, shi ne ma'auninka. Haka za ka yi da ramukan rufi: shimfiɗa takarda a saman tsohon akwatin, ka shafa fensir, ramukan huɗu za su fito da kansu. Idan tsohon akwatin ya lalace ko babu shi, kifa shasin a kan kwalin ka zira fensir ta ramukansa.

Amfilifayar da aka yi a tsarin Marshall, shasinta a gindin akwati yake zaune, bawul suna kallon sama. Lissafin ɗaya ne, sai dai a juye, kuma sararin da ke saman kwalaben ya fi buƙatar yalwa da tagar iska, tunda zafin kai tsaye rufi yake nufa.

Katako da haɗi

Kafin ka yanka komai, sayi ƙarafan kusurwa da mariƙi da ƙafafun roba da ledar rufi. Lanƙwasar ƙarfen kusurwa ita za ta gaya maka yadda za ka zagaye gefen katako, kuma ya fi sauƙi katako ya bi ƙarfe.

Fender ta yi tsofaffin akwatunanta da katakon fayin mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, kimanin milimita 19. Marshall ta fi amfani da filawud. Masu gardamar wane katako ya fi daɗin sauti suna da abin faɗa a kan akwatin lasifika, amma a akwatin kai ba sautin da ke fita daga katako. Ƙarfi kake nema da rashin nauyi. Filawud mai kyau na milimita 18, mai ɓawo da yawa kuma ba ramuka a tsakaninsu idan ka duba gefensa, ya wadatar. Idan katako zalla kake so, obeche ba shi da nauyi kamar fayin, sai dai yana da taushi, ba ya riƙe sukuru sosai, ƙwari kuma suna sonsa, sai an shafa masa magani. Afara ya fi shi ɗan ƙarfi. Allon da aka yi da garin katako aka matse, ka bar shi inda ka gan shi. Ga nauyi, ga kumbura da ya ji danshi, ga sukuru na zarewa daga jikinsa.

Ka tabbata katakon ya bushe. Na farkon da na gina, a tsakiyar damina na sayi falanki, mai shi ya rantse ya shekara a rumfa. Na haɗa, na naɗe, komai tsaf. Da hunturu ya kama, rufin ya lanƙwashe kamar ɓawon gyaɗa, bangayen suka matso, shasi ya ƙi fita sai da na yanka leda na fasa haɗi guda. Tun daga ranar nake jingine katako a ɗaki sati biyu ko uku, da 'yan sanduna a tsakani, kafin in sa masa zarto.

Haɗin da Fender ta yi a wancan zamani shi ne haɗin yatsu, inda ake yanka bakin kowane katako haƙora-haƙora su shiga juna kamar ka sarƙe yatsun hannayenka. Ya fi kowane ƙarfi saboda yawan wurin da gam ke kamawa. Yana son injin zarto na tebur da ɗan ma'aunin da ke tafiyar da katakon daidai, kuma ka gwada a guntaye tukuna har haƙoran su shiga da ɗan bugun tafin hannu. A wannan haɗin kowane katako ana yanka shi a cikakken awon waje. Idan ba ka da injin, akwai hanya mai sauƙi wadda ba za ta ba ka kunya ba: a fafe bakin rufi da na gindi rabin kaurinsu, bangaye su zauna a cikin fafen, a sa farin gam na katako da sukuru, sannan a manna sanda mai milimita 18 a kusurwoyin ƙasa daga ciki. A kusurwoyin sama kada ka sa, wurin shasi ne.

Haɗa su ba gam tukuna, ka zira shasin ka gani. Idan ya shiga da ɗan wasa a kowane gefe, warware ka shafa gam, ka matse. Auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, idan awon ya zo ɗaya akwatin ya miƙe. Goge gam ɗin da ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar shi ya kwana.

Washegari a zagaye gefuna, da injin rauta ko da magagari da sandfefa. Wanda ya yi haɗi da sukuru ya tuna ya nutsar da su can ciki nesa da gefe, in ba haka ba bakin injin zai ci karo da ƙarfe. Cike duk wani rami ka goge sumul. Leda ba ta rufa asirin katako, duk ƙurjin da ka bari sai ya fito.

Ramuka, mariƙi da garkuwa

Huda ramukan rufi huɗu bisa takardar da ka shafa, ka ɗan yalwata su da milimita ɗaya. Rataye shasin na gwaji.

Yanzu mariƙi. Kada ka sa shi a tsakiyar awo, domin gefen tiransifomar wuta ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Da shasin a ciki, ɗora akwatin a kan sandar tsintsiya a ƙasa, ka tura shi har ya daidaita bai rinjaya ko'ina ba. Nan ne tsakiyar mariƙi. Ɗaure shi da noti mai haƙora da ake bugawa cikin katako ta ciki, kada ka dogara da sukurun katako. Ga abin da ya fi muhimmanci: buɗaɗɗen bakin shasin rufin nan yake kallo, wayoyi masu volt 400 suna ƙarƙashin mariƙinka kai tsaye. Duk sukurun da ya zarce notinsa ko da milimita biyu, a yanke shi.

Leƙa ƙarƙashin rufin tsohon akwatin, za ka ga ragar ƙarfe an kafe ta. Garkuwa ce, ita ke rufe bakin shasi ta hana shi kwasar gunjin fitilu da tashoshin rediyo. Yi irinta da siririn fallen alminiyam, a shimfiɗe lif ba inda ya lotso, faɗinsa ya kai inda leɓen shasi zai danne shi ta kowane gefe idan an ɗaure.

Iska

Twin Reverb ko ba a kiɗa tana fitar da zafin da ya kai kimanin watt 100, kuma a kife, zafin yana hawa ne cikin shasi inda kafasita suke. A Kalifoniya aka tsara ta. Wanda zai kunna ta a Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu sai ya fi su yalwata iska. Allon gaba, wanda ke ƙarƙashin fuskar shasi, a yi shi da filawud na milimita 9 ko 12, a fafe masa manyan tagogi biyu ko uku, a shafa masa baƙin fenti don kada katako ya riƙa haskowa, sannan a ja masa ƙyallen lasifika a kafe ta baya. Ƙyallen yana barin iska ta wuce. A baya kuwa allo biyu sirara sun isa, ɗaya a ƙasa ya tare tanki, ɗaya ya kare kwalaben daga hannun yara, da fili a tsakaninsu. Manna 'yan sanduna a bangaye inda allunan za su ɗauru, ka nutsar da su yadda allon da ledarsa ba za su zarce bakin akwati ba.

Sutura

A shekarun 1950 Fender da yadi mai ratsin rawaya take rufe akwatunanta, daga wajen 1960 ta koma wata leda mai ƙyalle a baya da ake kira Tolex. Idan ba ka same ta ba, je wurin masu kushin ka nemi leda mai ƙyalle a baya wadda ba ta da soso kuma ba ta miƙewa sosai.

Yanka ɗaya doguwa da za ta zagaye akwatin ta haɗu a gindi, da rarar santimita biyar ko shida a gaba da baya don naɗewa ciki. Gam irin na masu takalmi ake sawa, a shafa wa katako a shafa wa leda, a jira har ya daina bin yatsa. A waje za ka yi, ko a ɗaki mai buɗaɗɗun tagogi, nesa da wuta. Bi gefe ɗaya-ɗaya, kana lallashinta da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki. Kada ka ja ta da ƙarfi, ledar da aka miƙe da ta ji zafin bawul za ta koma yadda take, haɗin ya buɗe baki. A gindi, ɗora baki ɗaya a kan ɗaya, ka sa ma'aunin ƙarfe ka yanka su tare da sabuwar reza, ka cire guntayen biyu, bakunan za su haɗu cif. Kusurwa ita ke da wuya. Naɗo ɓangarorin biyu su hau juna, ka yanka su tare a karkace. Fara da kusurwoyin ƙasa na baya inda ba mai gani, kafin ka iso na gaba hannunka ya faɗa. Inda aka samu ɗan kuskure, ƙarfen kusurwa zai rufe.

Haɗawa da gwaji

Cire maƙalin zubar da wuta. Rataye shasi, mayar da bawul kowane gurbinsa. Ajiye tanki a jakarsa a kwance yadda yake a da, da kwali a ƙarƙashinsa, ɓangaren fitarsa yana nesa da tiransifomar wuta, amma kada ka ɗaure tukuna. Idan ka fi son barin tsohon tankin a tsohon akwati ka sayi sabo, lambar na Twin 4AB3C1B ce.

Amfilifaya mai bawul ba a kunna ta ba lasifika a jone. Idan ta yi aiki ba inda za ta zuba ƙarfinta, wutar kan yi tsalle a cikin tiransifomar fita, wadda ke miƙa sauti ga lasifika, ta ƙone rufin wayoyinta. A kombo ba a mantawa, tunda wayar kullum a jone take. Da ka raba su, mantuwa ta samu ƙofa. Ka saba wa kanka: wayar lasifika tukuna, sannan fulogi. Ramukan lasifika biyu ne a bayan shasi: na farko za ka sa, na biyun na ƙarin lasifika ne, idan shi kaɗai ka jona sauti zai fito can ƙasa-ƙasa. Kada ka yi amfani da wayar jita, siririya ce a ciki. Samu waya mai jijiya biyu irin ta wuta, mai kaurin milimita 1.5, ka sa mata kawuna. Ohm ɗin akwatin lasifika kuma su dace da abin da amfilifayar take so: Twin 4 take so, Deluxe Reverb 8, Super Reverb 2. Idan ka auna akwatin lasifika da mita za ka ga ƙasa da abin da aka rubuta, mai 8 ya nuna 6 da ɗoriya, mai 4 ya nuna wajen 3, wannan daidai ne.

Duba rubutun bayanta. Wadda aka yi don kasuwar Amurka volt 117 ko 120 take ci, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce. Sai da tiransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya ninka abin da aka rubuta, kuma mai wuce da wayar ƙasa. A ƙasa za ka ajiye ta, nesa kaɗan. Kada ka yi sha'awar cusa ta cikin akwatin, za ta dawo maka da nauyin da ka gudu, ta ƙara da gunji.

Kunna, ka ba ta minti ɗaya ta ɗumama kafin ka ɗaga makunni na biyu, wanda aka rubuta wa Standby. Leƙa manyan bawul a ɗaki mai duhu. Jan zare a tsakiya daidai ne, ɗan shuɗin haske a jikin gilashi ma ba komai. Idan farantin ƙarfe mai ruwan toka da ke cikin kwalbar ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take ka kai wa mai gyara. Idan lafiya, ƙara amsa-amo zuwa rabi, ka riƙa tura tankin da sanda kaɗan-kaɗan kana saurare, inda gunji ya fi raguwa nan za ka ɗaure jakar, sako-sako. Rufe allunan ka yi kiɗa na awa guda, sannan ka ɗora tafin hannu a rufi. Idan ba ka iya barinsa a wurin, rage faɗin allon baya.

Tsohon akwatin ya zama akwatin lasifikarka. Toshe gurbin shasi da allo mai leda, wanda za ka rataya ta ramukan nan huɗu na asali ba tare da sabon rami ba. Idan a kansa za ka riƙa ɗora kan, duba ƙafafun roba su fi tsohon mariƙin tsayi, in ba haka ba kan zai riƙa lilo. Tsohuwar wayar wuta da 'yar kafasitar da aka cire da duk sukurun da ya saura, zuba su a leda, rubuta kwanan wata, ka ɗaure a cikin tsohon akwatin kusa da takardar bawul.